FASHIN BAƘI: Shin mai neman rage ƙiba zai rama kalorin da ya ƙona wajen motsa jiki da ƙarin abinci?

A manyan biranen Arewa, motsa jiki ya daina zama abin da ake barin wa sojoji da 'yan ƙwallo. Bayan sallar asuba ana ganin ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da matan aure suna sassarfa a gefen titi ko suna zagaya fili, wasu likita ne ya tilasta masu saboda hawan jini ko ciwon suga, wasu kuma teɓa ce ta ishe su. Da yawa daga cikinsu suna ɗaure da agogon zamani a hannu, ko kuma akwai manhaja a wayarsu da ke ƙirga taku. Idan an gama, na'urar za ta nuna wata lamba, ta ce an ƙona kalori 350 ko 500.

Daga wannan lamba rigimar take farawa. Wasu manhajojin ƙirga abinci, irin su MyFitnessPal, suna ɗaukar lambar su ƙara ta a kan kason abincin da suka yanka wa mutum a ranar. Wanda aka ce ya ci kalori 1,800, idan ya yi tafiyar da agogo ya ce ta cinye 400, sai manhajar ta ce yanzu yana da damar cin 2,200. Wanda ba ya amfani da kowace manhaja ma yana yin irin wannan lissafin a zuci: ya yi gumi, don haka ya cancanci ƙarin malmala ko kwalbar lemo mai sanyi.

Amsar da binciken masana ya fi karkata gare ta ita ce, mutumin da ke tafiya ko sassarfa ta minti 30 zuwa sa'a ɗaya don ya rage ƙiba bai kamata ya rama dukkan abin da na'ura ta nuna masa ba, kuma sau da yawa ba ya buƙatar rama komai. Amma akwai mutanen da ƙin ramawar zai cutar da su, har ya kai wasu gadon asibiti. Bambance waɗannan rukunoni biyu shi ne ainihin aikin.

Inda kalori yake tafiya

Kalori ma'auni ne na kuzarin da ke cikin abinci, kamar yadda lita take ma'aunin fetur. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, giram ɗaya na sitaci ko sukari ko furotin yana ɗauke da 4. A ƙiyasin da hukumomin lafiya suka saba bayarwa, mace baliga tana buƙatar kimanin kalori 2,000 a rana, namiji kuma kimanin 2,500, duk da cewa tsawo da nauyi da shekaru da irin sana'a suna sauya adadin sosai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mafi tsoka na wannan kuzari ba motsi ne yake cinye shi ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 yana tafiya ne wajen raya jiki kawai: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da riƙe ɗumin jiki. Ko mutum ya wuni a kwance sai ya biya wannan kuɗin. Kimanin kashi 10 kuma yana tafiya wajen narkar da abincin kansa. Ragowar ne rabon motsi, kuma a cikin ragowar ma, zirga-zirgar yau da kullum kamar shara da wanki da hawa bene da zuwa masallaci da tsayuwa a shago ta fi atisayen da aka ware wa lokaci yawa ga akasarin mutane.

Rage ƙiba yana faruwa ne idan abin da ke shiga ya gaza abin da ke fita na tsawon lokaci, sai jiki ya koma kan kitsen da ya tara. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a samar da giɓin kalori 500 zuwa 600 a rana, wanda ke sa a rage kimanin rabin kilo a mako a farkon tafiya. Giɓin ba shi da faɗi. Kuskuren kalori 300 a lissafi ya cinye rabinsa ko fiye.

Lambar da agogo yake bayarwa

Agogon hannu ba ya auna kalori. Abin da yake iya aunawa shi ne bugun zuciya da motsin hannu, daga nan sai ya haɗa su da nauyi da shekarun da mai shi ya shigar, ya yi hasashe. A ɗakin gwaji, hanyar da masana ke bi ita ce sanya wa mutum takunkumi a fuska, a auna iskar oksijin da ya shaƙa da iskar da ya fitar.

A shekarar 2017, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada hasashen agogo da wannan ma'auni na ɗakin gwaji. Sun ɗaura wa mutum 60 na'urori iri bakwai, ciki har da Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2, suka sa su zama da tafiya da gudu da tuƙa keke. A wajen auna bugun zuciya na'urorin sun yi abin kirki, shida daga cikin bakwai kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A wajen kalori kuwa babu wadda ta kai labari. Wadda ta fi kowa daidai ta kauce da kashi 27 cikin 100, wadda ta fi kowa kaucewa kuma da kashi 93. Waɗannan kayan manyan kamfanoni ne masu tsada. Mai karatu zai iya ƙiyasta wa kansa matsayin agogon da ba shi da suna, wanda aka saya a teburin mai sayar da caja.

Akwai kuma wani kuskuren da ke ɓoye ko da na'urar ta yi daidai. Da yawa daga cikin na'urorin gudu da kekunan da ke gidajen motsa jiki suna nuna jimillar abin da jiki ya ƙona a lokacin, har da abin da zai ƙona ko da yana zaune. Ga misali da alƙaluma. Jikin baligi yana ƙona kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace sa'a idan yana hutawa, tafiya da sauri kuma tana ninka wannan kimanin sau huɗu. Mutum mai kilo 80 da ya yi tafiyar sauri ta minti 45 ya ƙona kalori 240 ke nan a jimlace. Amma 60 daga ciki zai ƙona su ko da ya zauna a kan tabarma yana sauraron rediyo, kuma an riga an saka su a cikin lissafin abincinsa na yini. Ribar tafiyar ta gaskiya 180 ce.

Kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da kalori kimanin 210. Tafiyar minti 45 ba ta biya kuɗinta ba.

Idan kuwa a teburin mai shayi aka yada zango, lissafin ya fi haka muni. Ƙwai biyu kalori 150 ne, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗan da aka soya su 120 ne, giram 100 na burodi ya haura 250, ƙananan cokula uku na sukari kusan 50 ne, ba a ma zo kan madara ba. Kafin a ɗaga kofi an doshi 600. Wannan ba laifi ba ne idan shi ne karin kumallon da aka saba, aka kuma saka shi a lissafi. Matsalar tana zuwa ne idan ƙari ne a kan na gida, wanda aka ba kai a matsayin ladan gumi.

Jiki yana karɓar la'adarsa

Ko waccan 180 ɗin ma ba duka take shiga aljihu ba, kuma a nan ne binciken shekarun baya-bayan nan ya sauya tunanin masana.

A da ana ɗaukar jiki kamar injin janareta: gwargwadon kayan da aka ɗora masa, gwargwadon man da zai sha. Wani masanin halittar ɗan Adam, Herman Pontzer, wanda yanzu yake Jami'ar Duke, ya tafi arewacin Tanzaniya wurin al'ummar Hadza, waɗanda har yanzu suke rayuwa da farauta da ɗiban zuma da tonon saiwoyi. Mazansu suna tafiyar kimanin kilomita 11 a rana, matan kimanin 6. An auna kuzarin da suke ƙonawa ta hanyar ba su wani ruwa mai alama ta musamman su sha, sannan a riƙa duba yadda alamar take raguwa a fitsarinsu na tsawon kwanaki, wadda ita ce hanyar da ta fi inganci wajen auna mutum yana cikin harkokinsa. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya ba kowa mamaki. Idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da Bahadze yake ƙonawa a yini bai bambanta da na mazauna biranen Amurka da Turai ba.

Tun kafin wannan, an ga alamar haka a Najeriya. Masu bincike daga Jami'ar Loyola ta Chicago sun kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen fata mata na yankin Chicago, a wani aiki da ya fito a 2008. Matsakaicin nauyin matan Najeriya kimanin kilo 58 ne, na Amurkawan kuma kimanin 83. An zaci cewa aikin ƙarfi ne ya hana na Najeriya ƙiba. Da aka auna, aka daidaita da girman jiki, sai aka ga kuzarin da ɓangarorin biyu suke kashewa wajen motsi bai yi wani bambanci ba. Masu binciken suka karkata ga cewa bambancin yana cikin abin da ke kwano.

A 2016, Pontzer da abokan aikinsa sun sake duba mutum 332 a ƙasashe biyar, wato Ghana da Afirka ta Kudu da Seychelles da Jamaika da Amurka. Sun ga cewa wanda ya tashi daga zaman daɓaro zuwa matsakaicin motsi yana ƙona ƙarin kimanin kalori 200 a rana, amma daga nan sai ƙarin ya fara tsayawa, ko da motsin ya ci gaba da ƙaruwa. Sai kuma a 2021, wani bincike da Vincent Careau na Jami'ar Ottawa ya jagoranta, a kan bayanan mutum 1,754, ya sanya wa abin adadi: a cikin kowane kalori 100 da aka ƙona wajen motsi, jiki yana rage kimanin 28 daga abin da yake kashewa a wasu ayyukansa na ciki. Abin takaici ga masu neman rage ƙiba shi ne, a wurin waɗanda suka fi kitse, abin da jiki yake ƙwacewa ya kusa rabi.

Masana ba su gama muhawara a kan girman wannan la'ada ba, wasu suna ganin an zuzuta ta, musamman ga wanda yake cin abinci isasshe. Amma idan aka ɗauki kashi 28 ɗin, ribar mutumin nan mai kilo 80 ta sauko daga 180 zuwa kimanin 130. Idan agogonsa ya ce masa 350, ya kuma rama su cif da abinci, to ya ci rarar kalori sama da 200 a ranar da yake jin ya fi kowa ƙoƙari. An gudu ba a tsira ba.

Banda abin da jiki yake yi a ɓoye, akwai wanda mutum yake yi da kansa ba tare da ya lura ba. Wanda ya yi sassarfa da asuba yakan hau babur zuwa inda ya saba takawa da ƙafa, ko ya aiki yaro ya ɗauko masa abin da da shi zai tashi ya ɗauko. Muhimmancin irin wannan ƙaramin motsi ya fito fili a wani gwaji da James Levine ya yi a asibitin Mayo na Amurka, wanda aka wallafa a 1999. An ƙara wa mutum 16 kalori 1,000 a kan abincinsu kullum har mako takwas. Wani kitsen da ya ƙara bai kai rabin kilo ba, wani ya haura kilo huɗu, kuma babban abin da ya raba su shi ne yawan tashi da zama da mutsu-mutsun da jikinsu ya ƙara yi.

Yunwa da ido

Sai batun ci. A Jami'ar Leeds ta Ingila, an sa mutum 35 masu ƙiba su riƙa ƙona kalori 500 a kowane zama, sau biyar a mako, har mako 12, a gaban masu sa ido, ba tare da an taɓa abincinsu ba. A sakamakon da ya fito a 2008, matsakaicin abin da suka rage kilo 3.7 ne. Sai dai matsakaicin ya ɓoye labarin: wani ya zubar da kilo 14.7, wani kuma ƙaruwa ya yi da kilo 1.7. Aiki iri ɗaya suka yi. Waɗanda ba su ragu yadda aka zata ba su ne waɗanda yunwarsu ta ƙaru, cinsu ma ya ƙaru. Ma'ana, mutane da dama suna rama wani kaso na abin da suka ƙona tun kafin su yanke shawarar ramawa. Idan suka sake ramawa da gangan, sun biya bashi ɗaya sau biyu.

Ido ma ba abin dogaro ba ne. Wani tsohon bincike da ya fito a mujallar likitoci ta New England a 1992 ya bibiyi wasu masu ƙiba da suka dage cewa ba sa cin komai amma sun kasa raguwa. Da aka auna su, aka tarar abin da suka ce suna ci ya gaza na gaskiya da kashi 47 cikin 100, motsin da suka ce suna yi kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba maƙaryata ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take yi wa mai ita sassauci. Mutanen da aka yi gwajin a kansu kaɗan ne, amma an sha samun irin wannan sakamako daga baya.

A ƙasar Hausa lamarin ya ƙara wuya, domin abincin gida ba ya zuwa da takarda. Babu wanda ya rubuta kalori a jikin malmalar tuwo, ko ludayin miyar taushe, ko ƙullin ƙosai, ko kwanon fura da aka zuba wa sukari da ido. Manhajojin da aka ƙera a Amurka ba su san ɗanwake ba, inda suka san shi kuma wani ne ya shigar da adadin da ya ga dama. A gidan da ake haɗa hannu a faranti ɗaya ma ba a san iyakar rabon kowa ba. Wanda bai san abin da ya shiga ba da tazarar ɗaruruwan kalori, ga kuma na'urar da ba ta san abin da ya fita ba, idan ya ce zai daidaita su lamba da lamba, yana auna hatsi ne da tiyar da ta huje.

Zafin gari yana ƙara nasa ruɗanin. Wanda ya yi gudu a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zai iya hawa sikeli ya ga ya ragu da kilo guda a sa'a ɗaya. Ruwa ne, kuma zai dawo da zarar ya sha. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700, babu gudun sa'a ɗaya da zai taɓa shi. Yawan gumi shaida ce ta zafi, ba ma'aunin kalori ba ne, don haka masu naɗe ciki da leda ko saka rigar roba suna jawo wa kansu ƙishirwa da jiri ne kawai. Abin da ya wajaba a rama bayan irin wannan gumi shi ne ruwa. Sau da yawa abin da ake ɗauka yunwa ce bayan atisaye ƙishirwa ce, sai a kashe ta da lemon kwalba ko zoɓo mai sukari.

Ya danganta da yadda aka yanka kason

Ga masu ƙirga kalori, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa: da aka yanka kason abincin yini, an saka motsa jiki a ciki ko ba a saka ba? Hanyoyi biyu ake bi. A ta farko, ana tambayar mutum sau nawa yake motsa jiki a mako, a haɗa da shi a fitar masa da adadi guda wanda zai riƙa ci kullum. Wanda ya bi wannan hanya an riga an biya shi, ramawa cin kuɗi biyu ne. A ta biyu, wadda MyFitnessPal take bi, ana lissafa harkokin yini ne kawai ban da atisaye, a cire giɓin tun daga nan, da nufin a ƙara na atisaye a ranar da aka yi shi. A wannan tsari ramawa tana da hujja, amma hujjar ba ta gyara kuskuren agogo. Shi ya sa masu horarwa da yawa suke cewa a rama rabi ko ƙasa da haka. Wannan rabin ba wani bincike ne ya haifar da shi ba, dabara ce ta barin sarari ga kuskure, kuma idan aka dubi alƙaluman da suka gabata, ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Alƙalin da ya fi agogo adalci shi ne sikeli, idan an ba shi lokaci. Mutum ya tsayar da abincinsa a kan ma'auni ɗaya, da kwano ɗaya da ludayi ɗaya, ya ci gaba da motsa jikinsa, ya riƙa hawa sikeli da safe kafin ya karya sau uku ko huɗu a mako, ya kwatanta matsakaicin wannan mako da na wancan har mako uku ko huɗu. Awon rana ɗaya ba ya nuna komai, domin gishiri da cikar ciki da al'adar mata suna motsa nauyi da kilo ɗaya ko biyu, kuma wanda ya fara atisaye sabo tsokarsa takan riƙe ruwa na ɗan lokaci. Idan ana raguwa da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako kuma jiki da ƙarfi, babu abin ramawa. Idan nauyi ya tsaya cak, an riga an rama ba a sani ba. Idan kuwa yana zuba fiye da kilo ɗaya mako bayan mako, ga kasala, to abincin ya yi kaɗan, a ƙara.

Kada wannan ya sa a raina motsa jiki. Yana saukar da hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana rage kitsen da ke naɗe da kayan ciki ko da sikeli bai motsa ba, kuma yana kare tsoka a lokacin da ake rage abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligai shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, mai ƙiba da marar ƙiba. A wajen hana ƙiba dawowa kuwa ya fi nuna amfaninsa. A wata rajista da aka buɗe a Amurka a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye, kusan tara cikin goma suna motsa jiki kimanin sa'a ɗaya a rana.

Waɗanda ramawa ta zame wa dole

Duk abin da aka faɗa ya shafi mai tafiyar asuba ne da mai zuwa gidan motsa jiki na sa'a guda. Lissafin yana juyewa idan aikin ya yi yawa. Gudu yana cin kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyi a kowace kilomita, don haka mai kilo 70 da ya yi gudun kilomita 15 ya ƙona sama da 1,000. Idan dama ya rage 500 daga abincinsa, giɓin ranar ya kai 1,500, kuma jiki ba ya jure irin wannan a kai a kai. Ɗan ƙwallon da ke atisaye safe da yamma, da ɗan dambe ko ɗan kokawa a lokacin wasa, da matashin da ke shirin gwajin shiga aikin soja, duk suna cikin wannan rukuni. Haka ɗan dako da mai turin baro da manomi a tsakiyar damina, idan har suna da ƙibar da za su rage.

Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan matsala a 2014, bayan an daɗe ana ganinta a jikin 'yan wasa mata. Idan abin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ya yi kaɗan, sai ya fara rufe wasu ayyukansa don ya tsira. Al'adar mace takan rikice ko ta ɗauke, ƙashi yakan yi rauni har ya tsage ba tare da an faɗi ba, sha'awar namiji takan ragu, rashin lafiya takan yawaita, barci ya lalace. Jiri idan an miƙe, da jin sanyi a lokacin da kowa yake jin zafi, da zubar gashi, da kasa yin atisayen da aka saba yi cikin sauƙi, duk alamu ne na cewa giɓin ya wuce kima. Macen da al'adarta ta ɗauke bayan ta haɗa rage abinci da motsa jiki tana buƙatar ƙarin abinci da ganin likita, ko da agogo da manhaja sun ce lissafinta daidai ne.

Mai ciki ba ta cikin masu neman giɓi kwata-kwata, mai shayarwa kuma jikinta yana kashe kimanin kalori 500 a rana wajen samar da nono, don haka nata lissafin sai da shawarar ma'aikatan lafiya. Yara da matasan da ba su gama girma ba su ma haka. Wannan gargaɗi yana da nauyi a Najeriya, inda binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, amma kashi 12 kuma ramammu ne.

Idan za a rama, abin da aka rama da shi yana da tasiri. Kalori 200 na lemon kwalba yana wucewa cikin minti biyu ya bar yunwar inda take. Kalori 200 na dafaffen ƙwai, ko wake, ko kindirmo marar sukari, ko kifi, yana riƙe ciki kuma yana ba tsoka furotin ɗin da za ta gyara kanta. Gyaɗa abinci ce mai kyau, sai dai giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma hannu ba ya sanin ya kai nan.

A watan azumi, masu motsa jiki da yawa suna mayar da atisayensu dab da magariba ko bayan tarawihi. Haɗarin rama fiye da kima ya fi yawa a nan, domin yunwar yini da ta atisaye suna haɗuwa a kan faranti ɗaya mai cike da soye-soye, ga kunu da lemo masu sukari. Ruwa da dabino kaɗan da farko, sannan abinci bayan sallah, suna ba ciki damar sanar da ƙwaƙwalwa abin da ya samu.

Rukunin da ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan shi ne masu ciwon suga da ke allurar insulin ko shan magunguna irin su glibenclamide, waɗanda ke sa jiki fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba. Motsa jiki yana jan sukari daga jini zuwa tsoka, kuma wannan jan yana iya ci gaba sa'o'i da yawa bayan an gama, har cikin dare. Idan sukarin ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko aka ji rawar jiki da gumi mai sanyi da bugun zuciya da ruɗewa, ana buƙatar kimanin giram 15 na sukari nan take, wato cokalin cin abinci ɗaya a ruwa ko rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. A irin wannan hali ba a maganar kalori. Mai irin wannan magani da yake son haɗa rage abinci da motsa jiki, likitansa ne zai fara duba adadin maganin, domin sau da yawa maganin ake ragewa kafin a taɓa kwanon.